Wanda Ya Ce Bai Sha Ba, A Gwada Shi Kafin A Yanke Masa Hukunci

A watan Yunin 2024 mujallar ƙungiyar likitocin Kanada ta buga rahoto kan wata mata mai shekara 50 a birnin Toronto, wadda aka kai sashen kulawar gaggawa har sau bakwai cikin shekara biyu, kuma a kowane zuwa da irin alamomin da aka saba gani a jikin wanda ya bugu. Harshenta yakan yi nauyi, barci mai ƙarfi yakan ɗauke ta ko tana shirin fita aiki ko tana tsakiyar girki, numfashinta kuma yana warin barasa. Gwajin jini yana tabbatar da abin da hanci ya ji. Ita kuwa ta tsaya kan magana ɗaya, cewa ta daɗe da barin barasa saboda addininta, kuma iyalinta sun ba da shaidar haka. Duk da wannan, likitocin ƙwaƙwalwa uku ne suka duba ta a matsayin mai fama da shaye-shaye, har aka taɓa tsare ta a asibiti ƙarƙashin dokar lafiyar ƙwaƙwalwa bisa tsoron cewa ta daina kula da kanta. Sai a zuwa na bakwai wani likita ya ɗauki maganarta da muhimmanci, ya yi zargin cewa barasar a cikin hanjinta ake haɗa ta. Aka ba ta maganin kashe yis (ƙwayoyin halitta irin masu sa ƙullin burodi ya kumbura) mai suna fluconazole, aka rage mata abinci mai sitaci da sukari, alamomin suka lafa.

Ra'ayina a kan wannan lamari shi ne, gwajin jini da na'urar auna numfashi abu ɗaya kawai suke iya shaidawa, wato akwai barasa a jikin mutum. Ta inda barasar ta biyo kuwa, wannan tambaya ce ta daban da na'urar ba ta da amsarta. An daɗe likita da ɗan sanda da alƙali da shugaban wurin aiki suna haɗa tambayoyin biyu su mai da su ɗaya, kuma a mafi yawan lokuta suna da gaskiya. Amma tunda yanzu an tabbatar akwai mutanen da cikinsu ke haɗa barasa har su bugu ba tare da sun kurɓi komai ba, cutar da likitoci ke kira auto-brewery syndrome a Turance, ya zama haƙƙin wanda ya dage cewa bai sha ba, kuma akwai alamomin da ke mara masa baya, a yi masa gwaji na musamman kafin a liƙa masa sunan mashayi ko maƙaryaci.

Domin a fahimci yadda hakan ke faruwa, sai a fara da hanji. Wani ƙiyasi da aka buga a 2016 ya nuna cewa jikin baligi yana ɗauke da bakteriya kimanin tiriliyan 38, mafi yawansu a babban hanji, adadin da ya ɗan zarce na ƙwayoyin halittar jikin kansa. Tare da su akwai yis da danginsa, ko da yake ba su kai su yawa ba. Waɗannan halittu suna rayuwa ne a kan ragowar abincin da ƙaramin hanji bai gama tsotsewa ba, suna tsima shi a wurin da babu iskar shaƙa, abin da suke fitarwa kuma ya haɗa da sinadarai masu tsami da ke ciyar da bangon hanji, da iska, da kuma ɗan etanol, wato ainihin sinadarin da ke sa maye a cikin giya. Wannan yana faruwa a cikin kowa. Abin da ya sa ba ma jin sa shi ne, jinin da ya taso daga hanji ba ya zagaya jiki kai tsaye, sai ya bi ta wata babbar jijiya ya shiga hanta, hanta kuma ta rushe barasar kafin ta kai ƙwaƙwalwa. Wani bincike da aka yi a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa aka buga a 2004 ya auna jinin mutum 1,557, mafi girman abin da aka samu kuma bai wuce kimanin miligiram 3.5 a kowane mililita 100 ba, alhali iyakar da doka ta sa wa direba a yawancin jihohin Amurka miligiram 80 ce. A 2022 kuma masu bincike a Amsterdam suka auna jinin wannan jijiya da ke shiga hanta, suka tarar barasar da ke cikinsa ta ninka ta sauran jinin jiki fiye da sau ɗari. Ke nan hanji yana haɗawa, hanta tana sharewa, kuma muddin hanta ce ke kan gaba babu wanda zai lura.

Cuta tana farawa ne lokacin da haɗawar ta fi ƙarfin sharewar. A yawancin rahotannin da aka buga, akwai wani abu da ya riga ya rikita zaman halittun hanji. Mafi yawan ambato shi ne shan maganin antibayotik na tsawon lokaci ko akai-akai, domin maganin ba ya bambance mai cutarwa da mai amfani, kuma bayan ya wuce hanji yakan zama kamar gonar da aka ƙone, wadda ciyawa mafi saurin tsiro ce ke fara mamaye ta. Matar Toronto ta shafe shekaru tana shan irin waɗannan magunguna saboda ciwon mafitsara mai yawan dawowa, tana kuma shan maganin rage tsamin ciki. Wani mutum mai shekara 46 a Amurka, wanda aka buga labarinsa a 2019, ya fara ganin sauyi ne bayan an ba shi antibayotik mai suna cephalexin a 2011 saboda rauni a babban yatsa, daga baya 'yan sanda suka kama shi da laifin tuƙi cikin maye, ya kuma taɓa faɗuwa har jini ya taru a kansa. Ciwon sukari, da ciwon kumburin hanji na Crohn, da tiyatar da ta rage tsawon hanji, da duk abin da ke sa abinci ya daɗe bai wuce ba, su ma suna cikin abubuwan da ke buɗe ƙofa.

Lamarin ba sabo ba ne. A 1948 wasu likitoci biyu suka ba da rahoton wani yaro ɗan shekara biyar a Yuganda da ya rasu bayan cikinsa ya fashe, kuma an ji warin barasa sosai lokacin da aka buɗe shi. Likitocin Japan sun tattara rahotanni da dama daga shekarun 1950 zuwa 1980, inda suka ɗora alhakin galibi a kan yis na dangin Candida. Abin da ya ja hankalin jama'a a wannan zamani shi ne rahoton Barbara Cordell da Justin McCarthy na 2013 kan wani dattijo mai shekara 61 a jihar Texas, wanda ya je asibiti barasar jininsa ta kai kashi 0.37 cikin ɗari, wato ta ninka waccan iyaka ta direba fiye da sau huɗu. Aka kwantar da shi na tsawon awa 24 bayan an bincike kayansa, aka ciyar da shi abinci mai sitaci, barasar jininsa ta hau zuwa kashi 0.12 ba tare da ya ga kwalba ba. A bayan gidansa aka samu Saccharomyces cerevisiae, wato yis ɗin da ake kwaɓa burodi da shi kuma ake haɗa giya da shi.

Saboda irin waɗannan rahotanni, an daɗe ana ɗaukar cutar a matsayin aikin yis kaɗai, kuma a ganina wannan fahimta ta takura magani. A 2019 Jing Yuan da abokan aikinta a Beijing suka buga bincike a mujallar Cell Metabolism wanda ya faro daga wani majiyyaci da ke buguwa bayan cin abinci mai sukari, wanda kuma maganin yis bai yi masa komai ba. Abin da suka ciro daga hanjinsa bakteriya ce, wani nau'i na Klebsiella pneumoniae mai haɗa barasa da yawa. Da suka faɗaɗa binciken, sai suka tarar da irin wannan nau'i a hanjin kusan kashi 60 cikin ɗari na masu ciwon kitsen hanta da ba sa shan barasa, a masu lafiya kuwa kusan kashi 6 ne kawai, kuma ɓerayen da aka sa wa bakteriyar sun kamu da kitsen hanta. A farkon 2026 mujallar Nature Microbiology ta buga bincike mafi girma da aka taɓa yi kan cutar, ƙarƙashin jagorancin Bernd Schnabl na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego da Elizabeth Hohmann ta Boston. Sun kwatanta majiyyata 22 da aka tabbatar suna da cutar da mutum 21 da ke zaune gida ɗaya da su, suka ɗebi bayan gidan kowa suka raina a ɗakin gwaji. Samfurin da aka ɗauka lokacin da cutar ta motsa ya fitar da barasa fiye da na abokan zamansu nesa ba kusa ba, kuma bakteriyar da aka fi alaƙantawa da hakan su ne Escherichia coli da Klebsiella pneumoniae. Muhimmancin wannan a aikace shi ne, majiyyacin da aka bai wa maganin yis bai warke ba, ba za a ƙara cewa rashin warkewarsa hujja ce ta cewa ƙarya yake yi ba.

Dole ne a ba masu shakka haƙƙinsu, domin shakkarsu tana da tushe. A shekarar 2000 Barry Logan da Wayne Jones, masana biyu a fannin binciken guba don shari'a, sun duba hujjojin da ake da su a lokacin, suka ƙarasa da cewa barasar da jikin mai lafiya ke haɗawa ta yi ƙanƙanta ƙwarai, ba ta isa ta zama kariya ga direban da aka kama ba. Wannan magana tana nan daram game da mafi yawan mutane. Cutar kuma ba ta da yawa, rahotannin da aka buga a mujallun likitanci ba su kai ko ɗari ba a lokacin da aka yi bitar su a 2021. Sannan musun sha yana daga cikin sanannun halayen wanda barasa ta kama, har ya kan ɓoye kwalba inda matarsa ko mijinta ba za su taɓa zato ba. Likitan gaggawa da ya ga mutum ɗari sun rantse ba su sha ba, kuma daga baya ta bayyana sun sha, ba mugu ba ne idan ya yi wa na gaba irin kallon da ya yi wa sauran. Akwai kuma haɗari na gaske, cewa duk lokacin da jarida ta ruwaito an sallami wani saboda wannan cuta, wasu lauyoyi da wasu mashaya za su ga mafaka.

Sai dai amsar wannan shakka tana hannu, kuma ba ta buƙatar kowa ya yarda da kowa. Ana kwantar da mutum a wurin da ake sa masa ido, a bincike kayansa, a tabbatar jininsa babu barasa da farko, sannan a ba shi sukarin gulukos giram 100 zuwa 200, a riƙa auna jininsa ko numfashinsa lokaci bayan lokaci har zuwa awa 24. Idan barasa ta bayyana ta hau a jikin mutumin da ma'aikatan jinya ke kallo tun safe, to daga ciki ta fito. Kayan aikin gwajin ba su da tsada, abin da yake ci shi ne gado da lokacin mai sa ido. Yana da rauni guda da ya kamata a faɗa a fili: cutar tana motsawa ne tana kwantawa, don haka gwajin zai iya ƙin nuna komai a jikin mai ita a ranar da ta lafa, wasu kuma barasarsu ba ta hawa sai bayan sa'o'i masu yawa, shi ya sa gwajin awa biyu ko uku ba ya wanke kowa kuma ba ya kama kowa. A nan ne nake ganin darajar binciken 2026, domin idan aka daidaita hanyar raina bayan gida a auna barasar da yake fitarwa, za a samu shaida ta biyu wadda majiyyaci ba zai iya shirya ta ba.

Ba ina kira ne a yi wa duk wanda ya bugu wannan gwaji ba, hakan ɓarnar lokaci ce da dukiya. Wanda ya cancanta shi ne mutumin da ya dage kan musu ba sau ɗaya ba, wanda na kusa da shi suka shaide shi, wanda buguwar tasa ke biyo bayan cin burodi ko shinkafa ko taliya ko abin sha mai zaƙi, wanda kuma tarihinsa ke ɗauke da antibayotik mai yawa ko ciwon sukari ko tiyatar hanji. Waɗannan tambayoyi ne da ba za su ɗauki likita minti biyar ba, kuma abin takaici shi ne ba a cika yin su ba, saboda da zarar an rubuta kalmar barasa a fayil, duk likitan da ya biyo baya ta cikinta yake karanta majiyyacin.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai game da tsadar wannan ɗabi'a ya fito ne daga birnin Pittsburgh na Amurka, an buga shi a mujallar Annals of Internal Medicine a 2020. Wata mata mai shekara 61, hantarta ta lalace kuma tana da ciwon sukarin da ya ƙi daidaituwa, tana neman a sa ta cikin jerin masu jiran dashen hanta. Fitsarinta kullum yana nuna barasa, don haka aka ce ta je ta nemi maganin shaye-shaye tukuna, ita kuma tana cewa ba ta sha. Likitocin da suka sake duba ta sun lura da abin da ya kamata a lura da shi tun farko: babu barasa a jininta, kuma babu sinadaran da jiki ke fitarwa bayan hanta ta sarrafa barasa, amma fitsarin cike yake da sukari da yis. Suka ajiye sabon fitsarinta a ɗumi irin na jikin mutum na awa 24, barasar cikinsa ta yi tashin gwauron zabi. Yis ɗin Candida glabrata ne ke tsima sukarin a cikin mafitsararta. Wannan mata ba ta ma taɓa buguwa ba, yanayinta ya bambanta da na masu haɗawa a hanji, amma kuskuren da aka yi mata iri ɗaya ne, kuma abin da ta kusa rasawa a dalilinsa shi ne damar ci gaba da rayuwa.

A kotu lamarin ya fi sarƙaƙiya. A ƙarshen 2015 wani alƙali a garin Hamburg na jihar New York ya kori ƙarar da aka shigar a kan wata direba da aka kama barasar jininta ta ninka iyakar doka fiye da sau huɗu, bayan an gabatar da shaidar likita. A watan Afrilun 2024 wata kotu a Bruges ta ƙasar Beljiyam ta sallami wani mutum mai shekara 40 bayan likitoci uku, kowanne da kansa, sun tabbatar yana da cutar, duk da cewa a kamfanin giya yake aiki, abin da ya isa ya sa kowa ya yi masa mummunan zato. Ina ganin hukuncin biyu daidai ne, domin ba adalci ba ne a hukunta mutum kan abin da bai aikata ba kuma bai san yana faruwa a jikinsa ba. Amma ina ganin uzurin yana ƙarewa a ranar da aka gaya masa sunan cutarsa. Barasar da hanji ya haɗa tana rage saurin tunani da ganin direba daidai da wadda aka saya da kuɗi, kuma wanda mota ta buge bai damu da asalinta ba. Yadda ƙasashe da yawa ke hana mai farfaɗiya tuƙi har sai ya shafe wani lokaci ba ta tashi ba, haka ya kamata a tsara wa mai wannan cuta: ya auna numfashinsa kafin ya kama sitiyari, ko a sa wa motarsa na'urar da ba ta barin inji ya tashi sai an hura mata numfashi mai tsabta, idan kuma ya yi sakaci bayan ya sani, a hukunta shi kamar kowa. Masu fafutukar kare waɗannan majiyyata za su fi samun kunnen alƙalai idan su ne suka fara neman wannan sharaɗi.

Batun magani har yanzu yana kan gwaji. Rage sitaci da sukari yana taimaka wa kusan kowa, tunda shi ne abincin masu tsimawar. Inda yis ne, fluconazole ko nystatin ko makamantansu sukan yi aiki, inda bakteriya ce kuwa sai an zaɓi antibayotik da ya dace da ita, tare da sanin cewa irin maganin da ya jawo matsalar ne ake komawa gare shi. Hanyar da ake sa wa rai ita ce dasa halittun hanjin mai lafiya a hanjin majiyyaci. Likitoci a birnin Ghent na Beljiyam sun ba da rahoto a 2020 kan wani mutum mai shekara 47 da aka yi wa haka ya shafe wata 34 ba tare da cutar ta dawo ba, kuma binciken 2026 ya kawo wani da ya wuce shekara guda lafiya bayan an yi masa dashen karo na biyu. Mutum ɗaya ko biyu ba su isa a kafa doka a kansu ba, kuma hanyar tana da haɗarinta, domin a 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sanar da mutuwar wani majiyyaci da ya samu bakteriya mai bijire wa magani ta irin wannan dashe. Duk wanda ke tallata shi a intanet a matsayin abin da mutum zai yi wa kansa a gida yana wasa da rayukan mutane ne.

Akwai wani aiki da ya rage bayan an gano cutar, wanda ba a cika maganarsa ba. Mutumin da aka tabbatar cikinsa ne ke haɗa barasa yakan iso wannan matsayi ne da kaya a bayansa: fayil ɗin asibiti da ke kiran sa mashayi mai musu, wataƙila tsohon hukuncin kotu da lasisin tuƙi da aka taɓa karɓewa, takardar gargaɗi ko ta kora daga wurin aiki, wani lokaci har da rahoton da aka yi amfani da shi wajen raba shi da 'ya'yansa. Waɗannan takardu ba sa gyara kansu. Ya kamata likitan da ya tabbatar da cutar ya rubuta gyaran a fili cikin fayil ɗin, da kwanan wata da sakamakon gwajin, ya kuma ba majiyyacin takardar da zai iya nuna wa ɗan sanda ko ma'aikacin gaggawa a ranar da harshensa ya yi nauyi har ya kasa yi wa kansa bayani, kotuna kuma su buɗe hanyar sake duba hukuncin da aka yanke kafin a san gaskiyar lamarin.